Laka Mai Rai Daga Faransa

Ranar da na fara aiki a masana'antar da ke Faransa, Baturen da aka danƙa ni a hannunsa ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi sabon kwat ɗin da na ci ado da shi, sannan ya miƙo mini takalmin roba da buroshi. A gida an ce mini injiniya za a horar, shi kuwa leburan wanki ya gani. Ban ji Faransanci sosai ba a lokacin, amma buroshi ba ya bukatar tafinta.

Ni ɗan Rundawa ne daga Runjin Sambo a Sakkwato, fawa muka gada kaka da kakanni, ni ne auta kuma ni kaɗai na yi boko mai nisa. Lokacin kuɗin mai na tashe, gwamnati na gina wata babbar masana'anta da za ta riƙa sarrafa man fetur ana fitar da roba da sinadarai. Irin wannan masana'anta tana zubar da ruwa mai maiƙo da guba, dole a wanke shi kafin a sake shi cikin kogi. Wani kamfanin Faransa ya samu kwangilar injin wankin, aka tura ni wurinsu in koyi sarrafa shi.

Da na gaya wa Baba, ya tambaye ni, “To Auta, mi za ka koyowa can?”

Na rasa yadda zan faɗa masa da Hausa. Abin wata fata ce siririya mai ƙananan ƙofofi da ke tace ruwa. Sai na ce, “Tantani, Baba.”

Ya ajiye wuƙarsa. “Tantani? Wanda muka ba makaɗa da masu tandu? Lalle gwamnati na da kuɗɗin banza. Su ba ni rabin kuɗɗin jirgin, in koya maka shi nan bakin runji kahin la'asar.” Tun daga ranar ya laƙaba mini Injiniyan Tantani.

Garin da aka kai ni yana bakin teku a arewacin Faransa. Ban taɓa ganin wurin da rana ke rowar kanta kamarsa ba. Sama toka-toka, teku toka-toka, hayaƙin masana'anta ya haɗe su. Injin da na je koyo kashi biyu ne. Akwai babban tanki cike da wata laka ruwan ƙasa, ana hura mata iska dare da rana. Lakar nan ba ƙasa ba ce, tarin ƙananan halittu ne masu rai, waɗanda abincinsu shi ne maiƙo da gubar da ke cikin ruwan. In sun cinye, sai famfo ya tura ruwan cikin wasu bututu da aka shimfiɗa wa tantanin. Ruwa mai kyau ya ratsa ya fita garau, laka ta koma tanki ta ci gaba da ci. A wannan sana'a ruwan ake saki ya tafi, lakar ita ce dukiya.

Aikina shi ne wankin bututun in tantanin ya toshe, kuma kullum a toshe yake. Da soda ake wankewa. Safar hannun da aka ba ni ta huje tun makon farko, na nuna wa Baturen, ya ɗaga kafaɗa. Hannuwana suka tsattsage har alwala ta zama azaba. In na tambaye shi lissafin iska ko na abinci sai ya ce gobe. Goben nan har na baro ƙasar ba ta zo ba, kuma har yau in na tuna fuskarsa raina ɓaci yake.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne nama. Ɗan mahauci, wanda ya tashi ba ya sanin miya ba tsoka, ga shi yana wuce shagunan nama yana kau da kai don bai san wanda ya yanka ba. Burodi da kifin gwangwani na yi ta ci har na tsani ganin gwangwani. Ɗakin da kamfani ya kama mini a saman bene yake, matar gidan ba ta amsa gaisuwa. Na yi kewar gida ƙwarai. Na yi kewar hayaniyar runji da safe, da faɗan Inna, har ƙudan bakin mahauta na yi kewa.

A cikin ma'aikatan akwai wani dattijo ɗan Aljeriya, Balkasim, wanda ya tsufa a bakin tankin nan. Wata rana ya same ni ina salla a bayan ɗakin famfo a kan kwali. Washegari ya zo da ƙunshin naman rago, ya ce shi ya yanka da hannunsa. Na zauna a kan bokiti na ci ina share hawaye, shi kuma ya juya baya yana duba tanki don kada in ji kunya. Ya ce in riƙa ce masa Ammi, wato baffa. Da guntun Larabcina na makarantar allo da guntun Faransanci muka riƙa fahimtar juna.

Shi ya saba mini da lakar. Yakan ɗebo ta a kofin gilashi ya ajiye. In tana lafiya, sai ta kwanta ƙasa a hankali, ruwa mai haske ya taso sama. In yunwa ko rashin iska ya dame ta, sai ta fara baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ce in shinshina mai lafiyar. Na kai hanci, sai na ji ƙanshin ƙasar Sakkwato ranar da aka yi ruwan farko. Na daɗe riƙe da kofin. Bayan nan duk lokacin da kewa ta taso mini, bakin tanki nake zuwa.

Ammi ya ce wannan laka ba a samun ta a kasuwa. Lakar kwata ta gari in ka zuba mata ruwan masana'anta mutuwa take yi nan take. Wannan kuwa shekara da shekaru ana saba mata da gubar kaɗan-kaɗan, wasu na mutuwa wasu na jurewa, har aka samu zuriyar da ta iya ci. In ka samu ɗan kaɗan ka kula da shi, zai hayayyafa ya cika tanki, kamar yadda ake ɗiga tsohon kindirmo a sabuwar madara.

Dab da ƙarshen zamana na je ofis in tambayi yadda za a kai mana irin lakar. Baturen ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya ce kwangila ta ƙarfe ce da tantani, ba a rubuta laka ba. In muna so, sai an yi sabuwar yarjejeniya, kuma da sharaɗin ƙwararrensu ne zai zo ya zauna yana kula da ita. Wato sun sayar mana da garke sun riƙe shanun. A lokacin kuwa kuɗin ƙasa sun fara ja da baya, na san ba wanda zai sa hannu a wata sabuwar takarda.

Tun kafin in bar gida zuwa Faransa an kai ni na ga wurin da ake ginin masana'antarmu. Na ga kogin da bututun zai zuba a ciki. Na ga mata na wanki, Fulani na shayar da shanu, ƙauye guda na ɗiban ruwan sha a ƙasa kaɗan da wurin. Ba laka, injin nan gunki ne, ruwan zai shiga kogin yadda ya fito. Na gaya wa Ammi haka a bakin tanki.

Ya ce, “Kullum muna kwashe rarar lakar nan mu zubar, don tana yawa. Abin da aka zubar ba na kowa ba ne, ɗana.”

Ranar da zan bar garin ya zo da farar jarka ya cika ta rabi, don iska ta samu wuri. Ya haɗa mini da famfon keke da siririn tiyo, da kwalba cike da ruwan masana'anta, abincinsu. Ya ce in hura musu iska a kai a kai, in ɗiga abinci kaɗan, kada rana ta dafa su. Ya ce tafiyar yini ɗaya ce, za su jure. Ya rungume ni ya ce in gaida mahaifina. Ban ƙara ganinsa ba.

A Faris na tarar da labarin soja sun karɓi mulki a gida, an rufe filayen jirgi da iyakoki. Takardar zamana ta ƙare, ɗakina an ba wani, ga jarka a hannu. Na zauna a filin jirgi ina shiga bayi ina buga famfo, masu shara na kallona kamar mahaukaci. Wani dillalin tikiti mai zaƙin baki ya ce zai sama mini jirgin Yamai, daga can akwai ƙaramin jirgi da ke shiga Kano ko an rufe ko ba a rufe ba. Na yarda don ina son in yarda. Wajen bincike ma'aikacin ya buɗe jarkar, ya shinshina, ya yatsina fuska ya tambayi ko mene ne. Na ce laka. Ya kira abokinsa suka yi dariya, suka ce baƙar fata ya zo Faransa ya rasa abin saye sai taɓo. Na bar su da dariyarsu tunda sun bar ni da jarkata.

A Yamai babu wani ƙaramin jirgi, ba a ma taɓa yinsa ba. Bazara ce, zafin da na yi ta kewa ya tare ni a ƙofar jirgi, na ji tsoronsa don ba ni kaɗai ba ne. Kafin in isa tasha jarka ta yi ɗumi kamar kunu. Na buɗe na ji ƙanshin ya fara juyawa, launin ya fara duhu. Na tsuguna a gindin bango ina ta buga famfo, gumi na zuba, mutane suka kewaye ni.

Wata mai tuwo, Bahausa, ta kore su. Ta ce, “Malam, lahiya? Magani na?”

Na ce, “Masu rai na, Hajiya. Zahi ka son kashe su.”

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗauko buhun algarara ta jiƙa shi sharkaf, ta naɗe jarkar, ta tura ta ƙarƙashin bencinta inda take ajiye tulu. Ta zuba mini tuwo da miyar kuka, ta ƙi karɓar komai. Ta ce wanda ke jinya ba a sayar masa da abinci. A rumfarta na yini ina buga famfo, zuwa yamma ƙanshin ƙasa ya dawo.

Motar Ƙonni akori-kura ce da aka cika da mutane da buhunan albasa. Yaron mota ya so ya ɗaure jarkar a sama cikin rana, na ƙi, muka yi ta sa-in-sa har direba ya ce to in biya mata wurin mutum guda. Na biya, amma wurin bai samu ba, a cinyata ta zauna har Ƙonni. Motar ta lalace a hanya ba sau ɗaya ba. Duk inda muka tsaya, mutane na neman inuwa da ruwan sha, ni ina neman ruwan jiƙa buhu. Wani tsoho da ke kusa da ni ya gaji da kallo ya ce, “Ɗana, in aljannu na ka ɗauko, ka hwaɗi mu sauka.” Na ce ba aljannu ba ne. Ya ce to Allah shi ba su lahiya, amma ya matsa.

A Ƙonni ga gida ina hange, ba halin shiga. Iyaka a rufe, soja ko'ina. Na kwana biyu a shagon wani mahauci da ya san Baba, abincin kwalba yana ta raguwa. Da na ga zai ƙare na bi wasu 'yan kasuwa ta cikin gonaki da ƙafa. Akwatina na bar wa mahaucin, na goya jarka da zane kamar mai jego. Mun kusa Illela soja suka tare mu. Aka zube mu a rana, aka yi ta zazzage kaya. Wani kofur mai jajayen idanu ya nuna jarkar da bakin bindiga.

“Wannan mene?”

“Laka ce, ranka ya daɗe. Ta aikin gwamnati.”

“Gwamnati wane? Gwamnati ya canza.” Ya zura sanda ya motsa yana neman abin da na ɓoye a ƙasa. Bai ji komai ba, sai haushi ya kama shi. Ya ce zai tuntsurar ya gani. Na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai iyayena, na ce ya yi wa Allah. Ya ce in ba guba ba ce in sha.

Na sha. Na cika baki na haɗiye, na ƙara. Ɗanɗanon ƙasa da kananzir ne. Suka yi ta dariya, ya ce in ɗauki haukata in wuce. Daga Illela zuwa Sakkwato cikina ya yi ta murɗa, na sa direba ya tsaya har fasinjoji suka fara zagi. Amma duk tsayawar da aka yi, in na fito daga bayan ciyawa sai na buga famfo.

Da la'asar na shiga Runjin Sambo, ba akwati, ba kwat, sai jarka a naɗe da buhu. Inna ta fito tana salati, ta riƙe hannuwana tana duba tsagar soda. Baba ya dawo daga runji ya dube ni ya ce, “Injiniyan Tantani, Turawan ba su ba ka abinci?” Daga nan ya aika aka kawo hanta da ƙoda, ya gasa da kansa.

Da na huta na zuba lakar a kofi a ɗakina na ajiye. Ta kwanta a hankali, ruwa ya taso, ƙanshin na nan. Sun iso da rai. Ban san lokacin da na yi sujada ba.

Inna ta leƙo ta ce, “Auta, mi ac cikin jarkag ga? Ita ta tsarabar?”

Na ce, “Wasu halittu na masu rai, Inna, cikin ruwan suke. Ƙanana na ƙwarai, ido ba shi ganinsu. Su ka wanke ruwan da mutane za su sha.”

Ta ce, “Ikon Allah. Bayin Allah, sun sha tahiya.”

Dole in je masana'anta in sanar na dawo, tafiya ce mai nisa, kuma ban yarda in sake jefa su cikin zafin mota da shingen soja ba sai na san inda zan zuba su. Na samo ruwan wankin inji a garejin wani makanike na tsinka shi, na gwada, suka ci, na cika kwalbar da shi. Na sa jarkar a gindin randar Inna inda ya fi sanyi, na nuna mata famfo, na ce bayan kowace salla ta buga, ta ɗiga abin kwalba kaɗan. Inna mace ce da ba ta wasa da amana. Akuyar maƙwabta in aka bar mata, sai ta fi tata ƙiba. Na tafi hankalina kwance.

Abin da na tarar a masana'anta ya kashe mini jiki. Sabuwar gwamnati ta dakatar da kwangiloli ana bincike. Akwatunan tantanin sun iso tun tuni, aka jibge su a fili. Tantanin nan a jiƙe ake ajiye shi, in ya bushe ya tashi aiki. Na buɗe akwati guda na taɓa, ya karye a hannuna kamar kilishi. Masana'antar kuwa an ce za a kunna ta ko da injin wanki ko babu, don manya na son a ga hayaƙi. Na yi ta yawo daga ofis zuwa ofis, kowa na tsoron sa hannu.

Sai wani dattijon injiniya, wanda ya kusa ritaya, ya ja ni gefe ya kai ni bayan gini. Ga tankin an gama shi da siminti, ga injin hura iska an kafa. Ya ce ko ba tantani, in akwai laka za mu iya barin ta ta kwanta a wani tanki mu saki ruwan sama. Ba zai yi kyau kamar na Turawa ba, amma mafi yawan gubar za ta tafi, da babu gara ba daɗi. Ya ce matsalar iri ce. Na ce ina da shi a Sakkwato. Ya dube ni, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya kama kafaɗata ya ce in tafi yau, zai ba ni mota da ƙanƙara.

Duk tsawon hanyar dawowa ina lissafin yadda za mu fara da ganga, mu koma ƙaramin tanki, har mu cika babban. Rabona da farin ciki irin wannan tun kafin in bar gida.

Na yi sallama da hantsi. Tun daga zaure na ji ƙarar famfo. Inna na zaune a kan tabarma gindin randa, ta dafe famfon da ƙafa tana bugawa da hannu biyu. Jarkar ta yi fari fes kamar sabuwa. Ruwan da ke ciki garau, kumfar iska na tashi, ana hango ƙasan jarkar.

Ta ɗago da fara'a. “Maraba, Auta. Dibi mutanenka.”

Na ce, “Inna, ina lakar?”

“Wace? Dattin ga? Ai tun washegarin tahiyakka nir raba su da shi. Nid dibi bayin Allah cikin ƙazanta, ga wari na kananzir, tausai yak kama ni. Ko kaza ba a bari ta sha irin ruwan ga. Nib bari yak kwanta, nit tsiyaye na sama, nis samu hwarin ƙyalle nit tace, nis sake tacewa. Jarkar ma da ruwan zahi da sabulu niw wanke ta, nic cika musu da ruwan hwamho mai kyau.” Ta dubi fuskata, sai ta ƙara da cewa, “Kada ka damu, ban zubda ko ɗaya ba. Kai kac ce ido ba shi ganinsu. Lakag ga kuwa ido na ganinta.”

Ta nuna mini damtsenta, ta ce ya yi tsami, amma ba ta taɓa tsallake salla ɗaya ba ta buga. Abin kwalbar ne kawai ta daina ba su, ta ce ba za ta ɗauki alhakin shayar da mai rai man inji ba.

Na ce, “Sannu, Inna. Allah shi saka da alheri.”

Na zagaya bayan gida inda take zubar da ruwan wanke-wanke. Ga ta nan a rana, ta bushe ta tsattsage, kaji sun tona gefe. Na ɓanɓaro ɓawo guda na kai hanci. Ba ƙanshin komai. Na tsuguna a wurin, na tuna Ammi, da mai tuwon Yamai, da abin da na haɗiya a gaban kofur, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a Faransa.

A nan Baba ya same ni. Ya zo da zolayarsa a baki, ya fara cewa, “Injiniya, ka ga tantanin uwaka ya hi na Turawa…” sai ya ga abin da ke hannuna. Mahauci ya san mushe in ya gani. Ya dubi ɓawon, ya dubi cikin gida inda famfo ke ƙara.

Ya ce a hankali, “Su ke nan?”

Na gyaɗa kai.

Sannan ya ce, “A bar kaza cikin gashinta. Kada ta jiya.”

Na sallami direban injiniya da ƙanƙararsa. Na yi makonni ina ɗiga abinci a ruwan nan ko wani ya tsira ya hayayyafa, ina ɗaga jarka ga haske kowace safiya. Sabulu da ruwan zafi da maganin ruwan famfo ba su bar kowa ba. Daga baya aka kunna masana'antar. Na yi aiki a can, na ga kalar da kogin ya koma, na ga inda Fulani suka daina kai shanu. Mutanen ƙauyen ba su da wani kogin.

Ban iya ɗauke jarkar daga gindin randa da wuri ba, don Inna ta saba da ita. Washegarin ranar da na dawo daga masana'anta, bayan sallar asuba, ina kwance na ji ta jawo tabarma. Na ji ta yi bisimilla, ta ce, “Kun tashi lahiya, bayin Allah?” Sai famfo ya fara ƙara. Na juya fuskata bango na bar ta ta gama.